Dodon Koɗin Bilya

Bilya bai taɓa ganin teku ba, kuma mutanen Daudawa ba su taɓa bari ya manta da haka ba. Shi ne autan Inna Larai, shi kaɗai ya kai jami'a a gidansu, kuma duk fannonin duniya ya rasa abin karantawa sai halittun ruwa. Wansa Yahuza, wanda gonar gado ke wuyansa, hannu yake nema a gona, ba digiri ba.

A shekarar ƙarshe malaminsu ya ce akwai gurbi guda a wata cibiyar bincike da ke bakin teku, na ɗalibin da gwajinsa ya fi tsari. Ana haka yajin aiki ya kora kowa gida, sai Bilya ya kafa nasa gwajin a bayan ɗakin Inna. Teku tana ƙara zafi, tana ƙara tsami saboda hayaƙin da take sha, shi kuma yana so ya nuna yadda hakan ke cinye ɓawon halittu. Ya kwaso dodon koɗi daga dam, ya raba su robobi huɗu. Ɗaya ya bari a inuwa ba a taɓa ta, don a sami abin kwatanci. Ɗaya ya kai rana. Ɗaya ya tsamama ruwanta da iskar da ke tashi daga haɗin yis ɗin burodi da sukari ta wani siririn tiyo, ta ƙarshe kuma ya haɗa mata zafi da tsamin.

Duk garin dariya ake masa, sai Yahuza kaɗai ya zauna ya saurara. Har ya tambaye shi: “To mi ka iya kashe tsamin ga?” Bilya ya ji daɗi har ransa, ya ce ai ko kanwa ma ta isa.

Takardun awon tsami suka ƙare masa, hanyar Funtuwa kuwa lokacin ba ta biyuwa. Ya dogara da tsarinsa, kullum ya duba tiyo ya bi wansa gona. Da watanni suka cika ya auna dodon koɗin, sai ya tarar da na cikin tsami ɓul-ɓul, ɓawonsu garau, babu bambanci da na inuwa. Yaron ba maƙaryaci ba ne, abin da ya gani shi ya rubuta. Da aka janye yajin aiki ya kai rahoton, malamin ya ce ko dai bai yi gwajin ba, ko bai san abin da yake yi ba. Aka ba wani gurbin.

Ranar da ya dawo daga makaranta yana tsugune yana zubar da ruwan robobin, Inna ta fito tana fara'a.

“Auta, ka ga ko guda bai mace ba ko? Kullum ka tahi gona sai na jiƙa kanwa na zuba masu.”

Bilya ya ɗago kai. “Kanwa, Inna?”

“Yayanka ya ce ruwan ya cika tsami, bayin Allah na shan azaba cikin gidana, kuma ni za a tambaya ran gobe. Ya ce kar in hwaɗa maka, kunya za ka ji.”

Yahuza na zaune kan turmi yana wasa lauje. Ko ɗagowa bai yi ba, amma bai ɓoye murmushinsa ba. Bilya ya ji kamar ya shaƙe shi. Sai dai in ya buɗe baki, tsohuwar nan za ta san da hannunta ta rufe wa ɗanta ƙofa, kuma Yahuza ya san ba zai iya yi mata haka ba.

“Ban kyauta ba?” in ji Inna, tana duban fuskarsa.

“Kin kyauta, Inna. Allah shi saka.”

Yahuza ya gwada kaifin laujen a farcensa, ya miƙo masa.

“Gobe da sassahe yankan shinkahwa. Robobin kau ka wanke su tas, awaki za su sha ruwa ciki.”