Tukunyar Inna a Hanyar Badr

Ni tela ne, shagona yana unguwar Ƙurban a nan ƙasar Larabawa, kuma tun da nake ban taɓa ƙetare titi ba sai a inda aka ja layi. Karatuna a firamare ya tsaya, shi ya sa duk abin da aka ce doka ce nake ba shi hanya tun daga nesa, don ban san inda gefensa ya ƙare ba. Ƙanena kuwa ba haka Allah ya yi shi ba. Da zarar hadari ya taso ta yamma, sai ya rufe wurin wankin motocinsa, ya shiga motarsa ta ɗaukar kaya, ya bi gajimare yana ɗaukar hoto da waya. Suna da yawa masu wannan ɗabi'a a garin nan. Masu bin hadari ake ce musu.

A shekarar da nake ba da labari, mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ta tashi daga doguwar jinya, amma abinci ya ƙi shigar mata. Shinkafa ta ture, romo ta ture, har dabinon da take so ta kawar da kai. Wata safiya ta kira ni ta ce kunun tsamiya take marmari, amma da ruwan farkon shekara za a dama, kamar yadda kakarmu ke yi tun suna can ƙasar Hausa. Ruwan yana da sharaɗi. A tare shi a tukunya daga sama kai tsaye, kada ya bi rufi, kada ya bi indararo, kuma kada a ajiye tukunyar a ƙasa. Mutum ne zai riƙe ta a kansa har ta samu.

Ƙanena ya ce, “Halas, shi ke nan, Inna, ni zan kawo miki.”

Ta ce, “Kai? Ka cika mini a famfon masallaci ka zo kana rantsuwa? Yayanka zai riƙe. Shi ko ƙuda ne ya faɗa ciki sai ya gaya mini.”

Matsalar ita ce hadari ya yi ta zuwa yana wuce unguwarmu. Ya haɗu baƙi ƙirin, mu fito da tukunya, ya yi mana tsawa ya tafi wani wuri. Inna kuma tana ƙara ramewa. Sai ƙanena ya ce tunda ruwa ya ƙi zuwa, mu je mu same shi.

Ni kuma a lokacin babu abin da ake magana a kai a shagona sai dokar da aka ce ana shirin kafawa. Wai duk mai bin hadari sai ya sami tasrihi, wato izini a rubuce, kuma wanda ba shi da shi bai isa ya gaya wa jama'a za a yi ruwa ba. Wani ya ce tara ce, wani ya ce har mota za a ƙwace. Masu bin hadari suna cewa ma'aikatan talabijin ne suka kai ƙararsu. Na tambayi duk wanda ya kawo ɗinki ko an sa hannu. Kowa ya ce tukuna.

Ranar da muka fita, bayan azahar, na wanke tukunyar, na sake wanke ta, na ɗaure murfin da ƙyalle. Muna hawa hanyar Badr na ce wa ƙanena, “To idan aka sa hannu muna cikin tafiya fa?”

Ya ce, “Sai mu ce mun fito tun kafin a sa.”

“Dawowar fa?”

“Yaya, don Allah riƙe tukunyarka.”

Sai dai zan faɗi gaskiya, da muka bar gari, duwatsu suka buɗe, na ga hadarin tsaye a gabanmu kamar bango, ƙasansa shuɗi, samansa fari tas, wani abu ya kama ni a ciki wanda ba tsoro ba ne. Iska mai sanyi ta shigo ta taga da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ji ina dariya ni kaɗai. Walƙiya ta keta, na ce “Subhanallahi!” da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na kuma ce wa ƙanena, “Ƙara wuta kaɗan!” Nan take na tuba na ce ya rage.

Ƙanena ya duba wayarsa, ya duba sama, ya ce hadarin arewa zai karkata, ya kauce zuwa wata ƙaramar hanya. Muka yi ta tafiya har rana ta fito mana, tas, kamar ba a taɓa yin gajimare a duniya ba. Muka tsaya kusa da wasu raƙuma suna kallonmu. Da muka juyo kan babbar hanya, sai ga farar motar gidan talabijin da farantin aika hoto a kanta ta wuce mu. Ƙanena ya ɗan yi tari, ya bi bayanta.

Na ce, “Ashe su muke bi?”

Ya ce, “Hanya ta kowa ce.”

Suka tsaya a kan wani tudu a gefen hanya, mu ma muka tsaya. Ƙasa da tudun akwai wadi, busasshen rafi, da allo da ke hana tsayawa a bakinsa lokacin ruwa. Wannan kam tsohuwar doka ce, na san ta, ko da kuɗi ba za a kai ni wurin ba. Ke nan tudun ne kawai wurin tsayawa, su kuma sun riga sun kafa kyamara a kai. Mai gabatar da labarin yanayi, wani dogo mai farar riga da shimagi, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a kai, yana gyara abin maganarsa. Da ya hangi motar ƙanena sai fuskarsa ta sauya.

Ya ce da Larabci, “Ku ne kuma? Ku matsa can, aiki muke yi.”

Ƙanena ya ce, “Aikin da kuke yi da hotunanmu? Ruwan da kuka nuna kwanaki, wa ya ɗauko shi?”

“Kai wa ya tara motoci a bakin wadi kwanaki, har motar ɗaukar marasa lafiya ta rasa hanya? Ka sa hoto, yara su kwaso motocin iyayensu su biyo ka. Bari dokar ta fito.”

“Ta fito mana! Yau ma ai...”

“Yau ma ai bayanmu ka biyo. Na gan ka a madubi.”

Ni dai na ga kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma na ga ɗigon farko ya faɗo a kan takalmina, babba kamar ƙwayar dabino. Na kwance ƙyalle, na buɗe murfi, na cire hulata don ruwan ya taɓa ni, na ɗora tukunya a ka na riƙe da hannu biyu. Ban lura da inda na tsaya ba. Ashe daidai bayan mai gabatarwar nake, shi kuma an ba shi alama ya fara, yana gargaɗin jama'a su zauna a gida kada su bi hadari.

Direban motarsu, wani dattijo baƙi, ya leƙo ta taga ya ce da Hausa irin ta mutanen Chadi, “Malam, kai kana cikin hoto fa! Duniya duk tana ganinka da tukunya!”

Na duba, sai ga kyamara tana kallona. Na so in gudu, amma ruwa ya fara kiɗa a cikin tukunyar, tal, tal, tal, kuma idan na motsa zai zube. Mai gabatarwar ya waiwayo ya gan ni. Maimakon ya kore ni, sai ya miƙo mini abin magana ya ce, “Ga ɗaya daga cikinsu. Baffa, wa ya gaya maka za a yi ruwa a nan?”

Na ce a raina shi ke nan, tambayar dokar ce. Na ɗaga murya na ce, “Ni ban ce za a yi ruwa ba! Wallahi ban gaya wa kowa ba! Allah ne masani, ko a yi ko kada a yi!”

A lokacin ruwa yana zuba a kanmu kamar da bokiti. Yana bin gemuna, yana shiga hannun rigata har hammata. Mai kyamara ya fara girgiza don dariya. Direba ya kifa kai a sitiyari. Mai gabatarwar ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, iska ta fizge shimaginsa ta yi wadi da shi, sai ya fashe da dariya har ya durƙusa. Ƙanena yana tsalle yana ihu, “Yaya! Yaya ya shiga talabijin!” Ni ma na kama dariya, tukunya tana rawa a kaina, ina dariya ina roƙonsu su daina ba ni dariya. Sai ƙanƙara ta sauko ƙanana-ƙanana tana dukan yatsuna. Ban sake ba.

Da ruwan ya tsagaita, direban ya tambaye ni, na gaya masa na Inna ne, ya fassara musu abin da na kasa faɗa don haƙorana suna kaɗawa. Mai gabatarwar ya leƙa tukunyar ya ce Allah ya ba ta lafiya. Sannan ya juya ga ƙanena ya ce, “Kai kuma maganarmu tana nan.” Ƙanena ya ce shi ma tasa tana nan. Har yau da nake rubutun nan ba su shirya ba, dokar ma ana ta magana.

Ruwan ya kai kusan rabin tukunya. Na rungume ta a cinya, ƙanena ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci suna yi mana ham. Muna shiga Ƙurban kafin magariba muka tarar tituna jiƙe sharkaf, yara suna wasa a ruwa. Ashe muna fita aka yi shi a ƙofar gidanmu. Muka kalli juna, dariya ta sake kama mu har ya tsayar da mota.

Inna tana zaune a kan darduma. Ta buɗe murfi, ta shinshina, ta dube ni.

“Ya taɓa ƙasa?”

“Bai taɓa ba, Inna. Sai dai akwai ƙanƙara guda da ta bugi rufin motar talabijin ta yi tsalle ta faɗa ciki. Na gan ta da idona. Kafin in yi wani abu ta narke.”

Ƙanena ya dafe kai ya ce, “Ya Allah, Yaya! Wa ya tambaye ka?”

Inna ta ƙura wa ruwan ido. Ni kuwa ina tunanin inda za mu sake samo wani hadarin. Can ta ce, “Guda ɗaya?”

“Guda ɗaya.”

“Wadda ta yi tsalle ai ba ta zauna ba. A jiƙa tsamiya.”

Matata ta dama kunun. Inna ta karɓi kofi da hannu biyu, ta hura, ta kurɓa, ta sake kurɓa. Muna tsaye a kanta da jiƙaƙƙun riguna, ba mai motsi. Ta shanye tas, ta miƙo kofin ta ce a ƙaro, kuma a duba ko akwai sauran gurasa a gidan.