Jinin yana dama, likita ya rubuta hagu

Laifin wani anka ɗora mini, anka fidda ni daga ɗakin radiyo, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki, bayan shekara goma sha tara, anka maishe ni mai tsaron ƙofa. Ba ni mance ranar. Ku yaran da kunka zo aiki bayana, ku ji yadda anka yi.

A 2008 ne, a wani asibiti nan wajen Konni. Ni ba likita ba ne, aji shida na tsaya a lakwal. Aikina in tsai da majinyaci gaban na'ura, in liƙa alamar dama ko hagu, in wanke hoto. Anka kawo wani dattijo daga Tajaye, Baba Ila, ya faɗo daga amalanke, jini ya taru cikin kansa. 'Ya'yansa sun kai shi Sakkwato an yi mishi hoton ƙwaƙwalwa, sun dawo da faifai. Saura a rubuta takardar zuwa Yamai, inda za a huda ƙoƙon kan a zuƙe jinin.

Muna da sabon likita lokacin, Dokta Sani, yaro ne mai ordinata, wato kwamfuta. Ni na sa mishi faifan. Yana ta nuna ma majo, shugaban nas-nas, yadda abin ke aiki: na'ura ta yanka kan mutum ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar sukari, kowace ƙwaya da lamba ukku, daga gefe, daga gaba, daga ƙasa. Ya shafe wurin jinin da ja, ya ce wannan shi ne maski, na'ura ta bar sauran kan ta ƙirga nan kaɗai. Lambobi sunka fito, ya rubuta hagu.

To ni na ga tsohon da idona. Kumburinsa bisa kunnen dama yake, kuma cikin hoton, kumburin da jinin gefe guda suke. Na ce, "Likita, ƙirgan nan daga wane gefe ya faro? Hoto yana juyewa fa."

Ya yi dariya. "Majo, ji mai wankin hoto zai koya mini ƙwaƙwalwa. Malam Hassan, je ka ruwan maganinka na wankin hoto."

Na tafi. Haushin kaina ke nan har yau.

A Yamai sai da anka aske ma Baba Ila gefen hagu. Allah ya sa babban likitan can ya buɗe faifan da kansa kafin ya taɓa wuƙa. Ashe na'urar Sakkwato daga dama take fara ƙirga, ordinatar likitanmu kuwa daga hagu. Tsoho ya tsira, amma takarda mai zafi ta iso buron darakta. Dokta Sani ya ce ni na juya hoton wajen sa faifai. Faifai fa! Rami guda gare shi, ta ina zan juya? Majo da anka yi komai gabansa ya sunkuyar da kai yana gyaran hula.

Kwana ukku da kama ƙofa, ga Dokta Sani bisa babur, yana jira in ɗaga mishi sandar ƙofa. Ban ɗaga ba. Na matso har ina jin turarensa, na ce:

"Ka san ban juya komai ba, ni ma na san ka sani. Kun ba ni ƙofa, to na riƙe. Amma duk wanda ya shigo nan da ciwo wurinka, sai na ce mishi ya ɗora hannu inda ke mishi zafi, kada ya ɗauke sai ka gama rubutu."