Iyakar da Na Shata a Cikin Na'ura

Ko da zan manta shekarun da na yi ina aikin kwamfuta a Khartum da Hamburg, ba zan manta wata Laraba a Gusau ba.

Bayan na dawo gida da furfura, wata ƙungiya mai ƙananan asibitoci ta ba ni aikin tsare bayanan marasa lafiya. Na tsara shi yadda na gani a Turai: asibitin Bungudu ba ya ganin bayanan mutanen Tsafe, ni kaina ba na gani. Na rubuta dokar a wuri ɗaya, na'ura kuma tana zagayawa bayan 'yan mintoci tana mayar da komai yadda rubutun ya ce. Ba a sauya rubutun sai abokin aikina ya amince. Na manta cewa Bajamushe yana inda adireshinsa yake, makiyayi kuwa yana inda ciyawa take.

Da hantsin wannan Larabar wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni daga asibitinmu na wajen Karakkai. An kawo matar wani makiyayi a sume da zazzaɓin bayan haihuwa, awonta duka a Tsafe aka yi.

"Baba, na'urarka ta ce ni baƙuwa ce. Mijin ya ce akwai allurar da aka hana ta, bai san sunanta ba."

Na buɗe mata da hannu. Kafin sabis ɗinta ya kama, na'urar ta zagayo ta rufe. Na sake buɗewa, ta sake rufewa. Abokin aikina yana kan hanyar Magami, wayarsa ba ta shiga, ta asibitin Tsafe kuma ba a ɗauka.

Mijin ya karɓi wayar, ya yi mini magana da Fulatanci a hankali. "Malam, an ce makullin yana hannunka. Sun rubuta a gabana. Karanta muna kawai."

Ni ma na'urar ba ta bari in gani, sai na ci gaba da kiran Tsafe.

Numfashin matar ya fara yin sama-sama, ma'aikaciyar ta yi mata allurar da take da ita. Tsafe suka ɗauki waya bayan azahar, suka karanto sunan allurar da aka hana ta. Ita ce aka yi mata. An yi jana'iza kafin la'asar.

Ajali na Allah ne, na sani. Amma tun ranar ba na rubuta wa na'ura doka sai na fara tambayar inda mutanen suke yini, sai kuma na bar wa mai riƙe da mara lafiya hanyar shiga ba tare da jiran kowa ba.