Gishirin da ba ya tashi

Da ɗana na biyu zai tafi aiki Fatakwal, ya bar mini akwatin gilashi a falo da kifaye uku a ciki. Biyu launin lemo ne masu farin zane, ɗayan shuɗi, ɗan ƙarami, kullum yana bayan dutse. Ya ce na teku ne, sai a ruwan gishiri suke rayuwa. Ni ban taɓa ganin teku ba.

"Mama, ki riƙe mini su har in dawo," in ji shi. Na ce to.

Ya rubuta mini ƙa'idojin da manyan baƙaƙe a littafina na ajin yaƙi da jahilci, don ya san ƙaramin rubutu na ba ni wuya. Abinci ɗan tsunkule, safe da yamma. Gishirinsu daban ne, yana cikin bokiti mai murfi, kada in kusanci na miya. In ruwa ya sauka ƙasa da layin da ya ja a gilashin, in ƙara.

Wuta ce ta fara gajiyar da ni. A Sabon Tasha in aka ɗauke ta, injin da ke juya ruwan sai ya tsaya, kifayen su taso sama suna haki. Sai in ja kujera, in ɗebo da moɗa in kwarara, in ɗebo in kwarara, har kafaɗata ta yi tsami. Maƙwabciyata, 'yar Inyamurai mai shagon atamfa, ta taɓa samuna a haka.

"Mama, fura ake damawa?"

"Iska nake ba su."

"Kifin da ba zai cika cokali ba? Ni da barkono zan ba su."

Da zafi ya shigo, ruwan ya riƙa sauka. Duk kwana biyu sai in fasa ruwan leda a bokiti, in auna gishiri yadda na ga ɗana yana yi, in motsa, in zuba. Na yi makonni a haka, ina ganin ƙoƙari nake. Bakin gilashin ya yi fari fat. Kifayen suka daina ci. Wata Asabar da safe na tarar da shuɗin a kwance kan yashi, ba rai. Na kira ɗana sau huɗu, layi bai shiga ba.

Maƙwabciyar ta shigo, ba ta yi zolaya ba ranar. Ta tsoma yatsa a ruwan kifayen ta lasa, ta ɓata fuska. Na gaya mata yadda nake yi.

"Mama, in miyarki ta daɗe a wuta ta ƙafe, gishiri kike ƙarawa ko ruwa?"

Shekara talatin ina girki. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake, ni kuwa ina ta ƙara masa ɗan'uwa.

Na so in gyara a take, amma na ji tsoron kada canjin ya yi musu yawa. Sai na riƙa rage kofi biyu ina mayar da ruwa zalla, safe da yamma, ina lasawa.

Rana ta huɗu ɗana ya kira. Na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Da na gama, sai ya ce:

"Saura biyu ke nan?"

"Saura biyu."

"Suna ci?"

"Ɗaya ya ci yau."

Ɗayan sai ran Laraba ya taso. Ƙwaya guda ya ɗauka, ya tofar, ya zagaya, ya dawo ya haɗiye ta.