Lambun Baba a Bayan Motar Albasa

Jega zuwa Aliero

Ana idar da sallar asuba na shiga mota a Jega, don Yaya Bello ya ce in hantsi ya yi ban iso Aliero ba, wani zai aika. Yayana ne ciki ɗaya, mai zane da fentin mai. Ni kuwa kun san ni. Na bar makaranta, na taɓa kabu-kabu, na taɓa aski, na taɓa cajin waya, ba inda na zauna. Yanzu zanen nake so ya koya mini, shi kuma ya ce sai ya ga na kai abu guda ƙarshe.

Abin da zan kai, hoton lambun marigayi Babanmu ne na Gumbin Kure. Da ka ya zana shi, yadda ya san wurin muna yara: fangalin albasa kore shar, rijiya, jigo, 'yar hanya, da Baba ya ba da baya. Na kakarmu ne, Inna Kulu, can ƙauyen zan kai mata.

"Fentin bai bushe ba," in ji shi da na isa ya miƙo mini allon hoton. "Ko ƙuda ya sauka kai, ni da kai ne."

Aliero zuwa Maiyama

Na samu a-kori-kura mai albasa, na haye bisa buhuna, na ɗaga allon sama kamar lema. Ta Jega muka sake bi, muna wuce garin aka tsai da mu a shinge. Jami'in ya miƙo yatsa zai taɓa.

"Ranka ya daɗe, ɗanye ne!"

"Ɗanye? Nama ne?"

Mota ta ɗauki dariya. Ya tsaya ya dubi hoton ya daɗe, ya ce, "Irin jigon ƙauyenmu ne. Ku tahi."

A tashar Maiyama na sha fura a tsaye. Bafulatana mai furar ta leƙa hoton ta taɓe baki: "Duk wanga fili ba nagge, ba saniya ko guda?" Ina cikin dariya na hango abin da iskar hanya ta yi mini: ɓawon albasa ya manne a gindin fangalin. Na ɗauki tsinke zan cire, na ga fentin na biyo shi, na bari.

Maiyama zuwa Gumbin Kure

Da azahar ɗan mashin ya sauke ni ƙofar gida, hannuwana sun sage.

"Wa nika ji? Mijina marar sana'a?" in ji Inna.

"Ni ne, uwargida. Yau da kaya na zo."

Ashe idonta ya yi rauni fiye da yadda muka sani. Ta kawo allon har hancinta, ba ta ga komai ba. Kafin in buɗe baki ta ɗora hannu. Na rufe ido. Shi ke nan, na ce a raina, sai in koma aski.

Ta bi tudun fentin a hankali. "Wagga rijiya ta. Ga jigo." Ta kai kan ɓawon, ta shinshina yatsanta, ta yi dariya har da hawaye. "Ɗan banzan yaro, har albasar ya sa!" Sai ta ɓata rai. "Amma hanyar ba nan take ba. Nan ubanku ka bi." Ta ja yatsa tun daga rijiya har gefen allo, fenti ya dare gida biyu.

Ta sa aka rataye shi a ɗakinta, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Aka yi mini tuwon dawa da miyar kuka, na kwana.

Komawa

Washegari na tarar da Yaya Bello a tashar Jega yana jirana. Na miƙa masa waya, don na ɗauki hoton allon bayan Inna ta taɓa shi. Ya ƙura wa hoton ido har na fara neman hanyar gudu.

"Wa ya ja wanga layi?"

"Inna."

Ya zauna bisa benci, ya share ido da hannun riga. "Wallahi nan hanyar take. Na manta."

Da ya tashi ya dafa kaina. "Ka zo ran Asabar. Da wankin buroshi za ka fara, kuma in ka gudu har gida zan biyo ka."

Na iso gida lafiya kafin la'asar. Godiya ga Allah, da direban albasa, da Inna Kulu. Allah Ya jiƙan Baba.