Dassin Rhissa, Wadda Ta Aro Mana Ido Daga Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 9 ga Oktoba 2025, Allah ya karɓi ran Dassin Rhissa a babbar likitar Agadas, wato babban asibitin garin, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An kawo ta gida Arlit, aka yi mata sutura washegari bayan an sauko daga Juma'a. Ni Radiyya Umar na karanta sanarwar a gidan rediyon garinmu, kamar yadda na saba karanta duk abin da ya fito daga wurinta tsawon shekaru. Sai dai a wannan karon murya ta ƙi ni, sai da aka sa karatun Alƙur'ani na samu na haɗiye kukana, sannan na ƙarasa.

Yaya Dassin, da ke zan yi magana, ko da yake na san ba za ki amsa ba.

Ke 'yar Dannet ce, a tanti aka haife ki. Kin sha ba ni labarin shekarar farin da wani matafiyi ya ce wa babanki Rhissa an yi ruwa can arewa. Ya kora raƙumansa da tumakinsa ya nufi can, ya tarar da ƙasa fayau, ko tsinke babu. Ya komo da igiyoyin dabbobin kawai a hannu. Bayan haka ya shigo Arlit ya kama aikin gadi, ya sa ki lakkol, makarantar boko, mutane suna ta yi masa surutu. Kika yi karatu har jami'ar Yamai, daga nan aka tura ki wata cibiya a kudancin Najeriya inda 'yan ƙasashen Afirka ke koyon karanta hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauko wa ƙasa daga sama. Da kika gama an ba ki biro, wato ofis, mai sanyi a Yamai. Kika nemi a maido ki Arlit, aka ba ki ɗaki guda a bayan ma'aikatar kiwo, da ordinatar ɗaya, wato kwamfuta, da fanka mai ƙara.

Ranar da muka fara haɗuwa kin shigo gidan rediyo da taswira naɗe a hammata, kika tsaya a bakin ƙofa kika ce, "Ke ce mai sanarwar ɓatan awaki?"

Na ce, "Ni ce, ranki ya daɗe."

Kika ce, "Bar ranki ya daɗen nan, ce mini yaya. Zo ki ga inda awakin ya kamata su je tun kafin su ɓata."

Kika shimfiɗa taswirar a kan tebur, kika nuna mini inda ruwa ya sauka a satin nan, da inda ciyawa ta fara tsiro, da tafkunan da suka kusa ƙafewa. Haka shirinmu na ranar Asabar ya soma. Ni in karanta da Hausa, ke ki maimaita da Tamajak, harshen makiyayan. Da farko makiyaya sun ɗauke mu masu duba. Ba ki yi fushi ba. Kika ce musu tauraro yana ganin kore, amma ba ya rarrabe ciyawar da raƙumi ke so da wadda ke kumbura masa ciki, don haka duk wanda ya je ya gani da idonsa ya bugo waya ya faɗa. Suka riƙa bugowa. Kafin a yi damina uku, a rijiyoyin Dannet in an taru ana ban ruwa, tambayar ita ce, "Me Dassin ta ce?"

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hotunan nan duk na aro ne. Ƙasarmu ba ta da nata tauraron. Khalidu Lawal, ɗan Katsina da kuka yi karatu tare, yana aiki a Abuja, shi ke turo miki wasu da iznin shugabanninsa. Wasu kuma daga Nasrullahi suke zuwa, wani injiniya ɗan Aljeriya da kuka saba a wurin wani horo. Ke kuma ki mayar musu da abin da ba su iya gani daga sama: inda aka ga ƙwan fara, wace rijiya ta rufta, wane kwari ya yi ambaliya. In wani ya ce miki aro abin kunya ne, sai ki ce, "Fara ba ta tsayawa a shingen duwan na kan iyaka ta nuna takarda. Iskar da ta taso daga wajenmu gobe tana Katsina. Da me za mu yi wa juna rowa?"

Sai shekarar 2023 ta zo, aka rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya. Aka ce wa Khalidu ya dakata da turo komai. Kika ci gaba da lallaɓa shirin da ɗan abin da ke hannunki.

A cikin wannan hali motar yayana Lawan ta ɓata. Kamiyo ce, babbar motar kaya, ta tashi daga Arlit zuwa Tchibarakaten wajen masu haƙar zinariya, ɗauke da buhunan shinkafa da jarkokin mai da mutum talatin da 'yan kai. Guguwa ta taso ta shafe sawu, Lawan ya saki hanya bai sani ba, daga baya injin ya mutu. Wayar tauraron da yake yawo da ita ta lalace tun kafin tafiyar. Da lokacin isarsu ya wuce, direbobi suka fita nema, jandarmomi suka fita, kowa ya komo hannu rabbana. Wanda ya san hamadar nan ya san abin da ake nufi in an ce mota ta ɓata lokacin zafi.

Na zo bironki ban ko iya gaishe ki ba. Kika ba ni kujera, kika ba ni ruwa, kika ce, "Zauna. Kukan ki ajiye shi, yanzu aiki za mu yi." Ba ki bi ta bayan fage ba. Kika je wajen farfe, shugaban gundumarmu, kika nemi izninsa, ya ba ki. Kika buga wa Nasrullahi, ya ce zai nema a juyo da tauraronsu, amma sai magana ta hau sama ta sauko. Kika buga wa Khalidu, ya ce hannunsa a ɗaure yake. Kika ce ya ba ki shugabansa. Ina zaune a gabanki, da kunnena na ji.

Mutumin ya ce, "Hajiya, kin san halin da ƙasashenmu suke ciki. In akwai 'yan Najeriya a motar, to ina da abin da zan faɗa wa na sama da ni."

Kika ce, "Akwai su, Alhaji, 'yan Sakkwato da 'yan Kano. Amma ba don su nake roƙonka ba. Ban ƙidaya su ƙasa-ƙasa ba, ƙishirwar da ke kansu ma ba ta ƙidaya ba. Idan ka hana, ni zan je in gaya wa iyayensu cewa akwai idon da zai iya ganin 'ya'yansu, an rufe shi."

Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Kuma ya yi, Allah ya saka masa. Sai dai iznin ya ci kwanaki. Hoton farko da ya zo daga Aljeriya ƙura ta lulluɓe rabinsa. Da na Abuja ya iso, kika jera shi da wani tsohon hoto na wurin, kika bi su taki-taki, idanunki sun kaɗa jawur, har kika tsaya a kan wani ɗan ɗigo a gindin dutse wanda babu shi a tsohon. Kika ce, "Wannan ba dutse ba ne." Aka tura motoci.

An same su. Lawan na cikin waɗanda aka ɗauko da rai, leɓunansa sun tsage, bai gane kowa ba sai da ya kwana biyu a likita. Amma mutum huɗu sun riga sun cika, kuma waɗanda suka tsira sun ce duk a ranar ƙarshe ne. Cikinsu har da 'Yargata, wata mai tuwo 'yar Tawa, da ta riƙa ba wasu rabonta na ruwa. Garin nan ya yi ta yabonki, ke kuwa ko fara'a ba ki yi ba. Muka je gidan 'Yargata gaisuwa, da muka fito kika tsaya a jikin bango kika ce mini, "Radiyya, tauraron nan ya wuce ta kansu tana da rai. Ba a ce masa ya duba ba ne kawai. Ba zan sake yarda rai ya jira sa hannu ba."

Daga ranar kika ɗauki magana guda kika ɗora a ka: a yi yarjejeniya tsakanin ma'aikatun ƙasashen da suka haɗa hamadar nan, cewa in rai na cikin haɗari, ko mota ta ɓata, ko ambaliya, ko fara, ma'aikaci ya tura wa ma'aikaci hoto nan take, ko gwamnatoci suna shiri ko ba sa shiri. Kin je Yamai ba sau ɗaya ba, a kan wannan hanyar da ke karya ƙugun mai lafiya ma. An ce miki lokaci bai yi ba. An ce maganar tsaro ce. Wani babba ya ce mace daga Arlit ba ita za ta shirya ƙasashe ba. Kika ce masa ba ƙasashe kike son shiryawa ba, ma'aikata biyar kike son a bari su ɗaga wa juna waya. Kika jawo 'yan Mali da 'yan Chadi cikin maganar. Ƙafafunki suna kumbura, mijinki Alkassoum yana roƙonki ki huta, kina cewa sai an gama.

Ba a gama ba kika tafi. An dai kai ga sa ranar zama a Agadas cikin watan gobe. Da na je duba ki a likita, kin rame har na tsorata, amma abin da kika fara tambayata shi ne ko an samu ɗakin taron. Na ce an samu. Kika ce, "In ban kai ba, kada ku ɗaga don ni. Ku tafi da Lawan, ya faɗa musu da bakinsa."

To, Yaya, ga inda muke. Khalidu ya zo gaisuwa ta mota tun daga Abuja, ya zauna a tabarma da su Alkassoum, ya ce zai dawo zaman ko da daga aljihunsa ne zai biya kuɗin hanya. Nasrullahi ya bugo ya ce yana nan tafe. Makiyayan Dannet sun ce za su turo dattawansu. Ƙungiyar direbobi ta ce ranar ba motar da za ta tashi, duk suna ƙofar ɗakin. Lawan, wanda ba ya iya magana gaban mutum uku, ya ce zai tsaya gaban kowa. Ɗiyar 'Yargata ma ta ce a tafi da ita. Ba mu da iliminki, kuma ba mu san ko za a sa hannu a wannan zaman ba. In ba a sa ba, za mu nemi wani zaman, mu sake komawa. Shirin Asabar kuwa ba a fasa ba ko sau ɗaya. Ma'aikatan da kika horar suna kawo mini bayani, ɗayansu na maimaitawa da Tamajak a kujerarki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki da ta ga tafiyar ɗiyarta, ga Alkassoum da ya yi jinyarki bai taɓa gajiya ba, ga 'ya'yanki Maryama da Zinariya, ga dangi na Dannet da na Arlit, da abokan aikinki na nan da na ƙetaren iyaka. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi.

Ya Allah, baiwarka Dassin ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi, kamar yadda ta yi sanadin shayar da bayinka a inda babu ruwa. Ka jiƙan 'Yargata da waɗanda suka cika tare da ita. Mu kuma da ta bar wa aikin, ka ƙarfafa ƙafafunmu har mu kai shi inda ta nufa, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.