Ranar da Famfon Motar Baba Ya Yi Shiru

Har yau in zancen ya taso a unguwarmu Kaladan, cewa ake yi layar da ke rataye a madubi ce ta hana motar Baba kamawa da wuta. Allah ne ya tsare, ban musa ba, amma ba ta hanyar laya ba. Ina cikin motar, kuma ni kaɗai na kasa kunne.

Jajibirin Babbar Sallah ne, ina aji huɗu. Motar ta girme ni, ta girmi auren iyayena ma. Ni ke wanke ta kowace safiya bayan na share tsakar gida na zuba wa awaki dusa, don haka na fi kowa sanin muryoyinta. Da famfon manta na asali ya mutu, aka sa mata na lantarki kusa da tanki. Ana murɗa makulli sai ya kama ƙas-ƙas-ƙas kamar ƙadangare a kan kwano, ko inji na aiki ko ba ya yi. Kawu Inusa, ƙanen Mma mahaifiyata, makanike ne a unguwar Bulpiela. Sau ɗaya ya ji ƙarar ya ɓata fuska. Ya shige ƙarƙashin motar ya ɗaura wani ɗan makunni da bai kai babban yatsa ba a inda baƙin mai ke zagayawa: in inji ya tsaya, baƙin mai ya kwanta, famfo ya ɗauke. Illarsa ɗaya, da safe sai an sha murɗa makulli kafin ta tashi. Kullum Baba na faɗa: "Inusa, ka mayar mini da mota tsohuwa mai ciwon gwiwa!" Kawu sai ya ce, "Yaya, gara nawar tashi da saurin ƙonewa."

Ran nan muna dawowa da ragon layya, shanu suka faɗo titi wajen Kalpohin. Baba ya kauce, muka afka kwata, motar ta kwanta a gefe guda, tiyon mai ya tsinke. Baba ya bugu da sitiyari bai san inda kansa yake ba, makulli yana nan a murɗe, ƙofata ta ƙi buɗuwa. Taku kaɗan daga wurin wata mata na suyar ƙosai, wuta na ci balbal. Warin fetur ya cika mini hanci. Ban yi kuka ba, jiran ƙas-ƙas-ƙas nake, don na san muddin yana yi, tankin nan kaf zai kwarara zuwa murhunta. Shiru. Rago kaɗai ke kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai shirun nan girma ba.

Da aka zaro mu, man da ya zuba bai fi cikin kofi ba. Jama'a suka yi ta shafa laya. Kawu ya iso a kan babur, ya durƙusa ya leƙa, ya taɓa ɗan abin nasa da yatsa, ya ce alhamdu lillahi, ya miƙe ya kakkaɓe wando. Ko mutum ɗaya bai kalle shi ba sai ni.

Yanzu motar na zaune a kan duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a kujerar direba. Babura sun cika gari, aikin gyaran mota ya ja baya, idon Kawu kuma ya fara hazo, sai da lalube yake gane wayoyin inji. Mma na so in karanci aikin jinya tunda na gama sakandare. Na gaya mata ta yi haƙuri. Ran Litinin zan sayi rigar aiki in tafi Bulpiela, Kawu ya fara nuna mini ɗan makunnin nan tun yana iya ganinsa.